Cailleach, tsohuwar hunturun Sikotlan da Ailan: abar bauta ce ko tatsuniya?

Nafisa Gilasgo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda makon nan labaran gargajiyar wasu al'ummu muke dubawa, ga tawa gudummawar daga Sikotlan. Sunanta Cailleach, wato tsohuwa da harshen Gelik, ana furta shi kusan kamar Kalyak. An ce ita ce allahiyar hunturu ta Keltawa, tsoffin mutanen Sikotlan da Ailan. Ido ɗaya gare ta, fuska shuɗiya, haƙora ja kamar tsatsa, gashi fari fat. Mulkinta kan fara daren 31 ga Oktoba, bikin Samhain, ya ƙare 1 ga Mayu, bikin Beltane. Tana da sanda, duk inda ta doka sai ƙasa ta daskare. Tsakanin tsibiran Jura da Scarba akwai wani mashigi, Corryvreckan, inda ruwan teku ke juyawa yana ruri. Sun ce nan take wanki. Idan kaka ta zo ƙarshe sai ta kwana uku tana wanke mayafinta, ana jin ƙugin daga nesa, in ya yi fari tas ta shanya shi kan duwatsu. Shi ne dusar ƙanƙarar farko. Abin da ya fi ba ni mamaki, an ce shekaru dubbai ana bauta mata, har yau ma akwai masu yi.

Ɗan Tasha: Mayafi ɗaya, wankin kwana uku? Lallai tsohuwar nan ba ita ke sayen sabulu ba.

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga amfanin mu zauna muna tattauna gumakan wasu ba. Shirka ce tsagwaronta, me za mu ƙaru da shi?

Malam Habu: Abu Hanan, Allah ya saka da alheri da tunatarwa. Amma duk mun karanta labarin Barbushe da Tsumburbura a makaranta, ban ji wanda ya hau Dala ya yi yanka saboda haka ba. Kuma ka lura da waɗanda suka rubuta mana shi: malamai ne Musulmi, da Larabci, ɗaruruwan shekaru bayan abin ya wuce. Matsalar da ke cikin zancen Nafisa ke nan daidai.

Malama Nafisa, jimlarki ta ƙarshe ce ban yarda da ita ba. Wa ya ce shekaru dubbai? Bokayen Keltawa, waɗanda ake kira Duruyid, ba su rubuta koyarwarsu, da ka suke haddace ta. Littattafai sun shigo Ailan ne tare da coci a ƙarni na 5. Ke nan duk wani tsohon labarin Ailan da ke hannunmu ta hannun marubutan Kirista ya biyo. To, idan aka buɗe waɗannan rubuce-rubuce, inda tsohuwar ta fi fitowa sarari shi ne wata waƙa ta wajen ƙarni na 9, kukan Tsohuwar Beara, wani yanki a Ailan. Ba sanda a ciki, ba shuɗiyar fuska, ba ta sarauta kan sanyi. Mace ce da ta tsufa ta koma zaman zuhudu, tana tuna lokacin da take shan giyar zuma da sarakuna, yanzu kuwa sai tsala a tsakiyar tsofaffi irinta.

Sarauniyar hunturun da ke yawo a intanet kuwa an san mai ɗinka mata riga. Wani ɗan jarida ne mutumin Cromarty, Donald Alexander Mackenzie. A 1917 ya fitar da littafin tatsuniyoyin Sikotlan, ya kira ta Beira, ya ɗora ta kan karaga a dutsen Ben Nevis, ya ce ta tsare wata budurwa Bride a matsayin baiwa har saurayi Angus ya zo ya ƙwace ta, bazara ta shigo. Ya tsinci guntaye daga bakin mutane, wannan gaskiya ne, amma shi ya harhaɗa su suka zama labari ɗaya mai kai da gindi.

Nafisa Gilasgo: Allah ya gafarta Malam, kana nufin ƙirƙirarta ya yi?

Malam Habu: A'a. Na ce ya yi wa miyar gishiri, ban ce shi ya dafa ta ba.

Anti Rabi: Malam Habu, ka ɗauki waƙar ka bar gabatarwarta, alhali nan naman yake. A bayanin da marubutan suka sa gaban waƙar an ce matar nan sau 7 tana komawa budurwa, kowane miji ta aura tsufa ke kashe shi ita tana nan, har jikokinta da tattaɓa kunnenta suka zama ƙabilu. An ce ta yi renon yara 50 a Beara. Wace 'yar zuhudu ce ke haka? Sannan ɗaya daga cikin sunayenta Buí ne, kuma a tsofaffin rubuce-rubucen Ailan Buí matar Lugh ce, shi kuwa Lugh ba mai musun cewa abin bauta ne a wurinsu. Har tudun Knowth na Ailan an ce daga sunanta ya samo sunansa.

Ina zaune a Kok, yawancin Beara a jiharmu take, wani tsirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku a kudu maso yamma. Kusa da Kilcatherine akwai wani dutse da suke cewa ita ce ta daskare tana kallon ruwa, tana jiran mijinta Manannán, sarkin teku a labaransu. Mutane na ajiye sulalla da ƙananan tarkace a kansa. Gearóid Ó Crualaoich, malamin al'adun gargajiya a jami'ar Kok, ya yi littafi guda a kanta a 2003, kuma ra'ayinsa shi ne tsohuwar ta gaji wata tsohuwar uwar ƙasa ta kafin zuwan coci. Akwai ma labarin Niall, wani ɗan sarki a Ailan, wanda ya je ɗibar ruwa ya tarar da wata mummunar tsohuwa na gadin rijiya. 'Yan uwansa suka ƙyamace ta, shi ya rungume ta, nan take ta koma kyakkyawa ta ce ita ce sarautar Ailan. Tsohuwa mai komawa budurwa, mai ba da mulki. Ba ka ga zaren ba?

Malam Habu: Ranki ya daɗe, na ga zaren, amma ki duba inda ya nufa. Duk abin da kika kawo uwar ƙasa yake nunawa, mai haihuwar ƙabilu, mai naɗa sarki. Ina hunturu a ciki? Kuma tsohuwar rijiyar Niall ba a kira ta Tsohuwar Beara ba, mu ne muke haɗa su. Ronald Hutton na jami'ar Biristol ya bi wannan sawu a littafinsa na 2022, ya ce babu hujjar da ta nuna an bauta wa wata allahiya irin wadda ake siffantawa yau kafin Kiristanci. A ganinsa a zamanin Kiristancin ne ma ta girma a bakin talakawa.

Anti Rabi: Kan hunturu ba na ja da kai. A nan Ailan ba a cika danganta ta da sanyi ba, an fi saninta da tsufa da dukiyar shanu da jifa da duwatsu. Abin da nake ƙi shi ne a ce ba ta da tushe a can baya. Rashin takarda wurin mutanen da ba su rubutu ai ba hujja ba ce.

Malam Habu: Ba hujja ba ce gare ni, ba kuma hujja ba ce gare ki. Mun yi canjaras.

Maman Khalifa: Ku bari in sa muku dariya kafin ku cinye juna. Akwai tatsuniyar da ake yi a Ailan kan shekarunta. Wani fada, wato limamin coci, ya je gidanta ya tambaye ta shekarunta nawa. Ta ce ita ba ta ƙirga, amma duk shekara takan yanka sa guda ta jefa ƙashi ɗaya can saman ɗaki, in yana so ya ƙirga. Ya tura yaronsa ya hau yana jeho ƙasusuwa, shi yana lissafi. Aka yi ta yi har fada ya gaji, ya ɗaga kai ya tambayi yaro ko an kusa. Yaro ya ce ko kusurwa ɗaya ba a kwashe ba. Fada ya tattara ya bar mata kayanta.

Ɗan Tasha: Sa guda duk shekara ita kaɗai. Maman Khalifa, a nemo mini adireshin.

Sadik Edinbura: Bari in faɗi abin da ido ya gani game da masu yi yau. Nan Edinbura duk daren 31 ga Oktoba ana bikin wuta na Samhuinn, wato Samhain. Ganguna, wutar tsiya, mutane sun shafe jiki da ja da shuɗi. Ana wasan yaƙi tsakanin sarkin bazara da sarkin hunturu, ita kuma Cailleach ta fito a matsayin mai raba gardama. Wanda bai sani ba zai rantse gadon kaka da kakanni ne. Alhali ƙungiyar da ke shirya shi, Beltane Fire Society, ta faro ne da bikin Beltane na 1988 a tudun Calton, na Samhuinn kuma ya biyo a 1995. Su da kansu ba su ɓoye cewa sabon shiri ne da aka gina kan tsofaffin labarai. Da yawa cikin masu wasan ɗalibai ne da 'yan rawa, ba ruwansu da bauta.

Masu bautar da gaske kuma suna nan. A ƙidayar Sikotlan ta 2022 sama da mutum 19,000 suka rubuta Pagan, wato masu bautar gargajiya, a matsayin addininsu. A Ingila da Wales, ƙidayar 2021 ta nuna kimanin 74,000.

Abu Hanan: Subhanallah. A ƙarni na 21, a ƙasar da ke taƙama da kimiyya.

Malam Habu: Kuma addinin nasu ma sabo ne, Abu Hanan. Wika, wadda ta fi suna a cikinsu, a shekarun 1950 Gerald Gardner ya fito da ita fili, bayan an soke dokar hana maita ta Birtaniya a 1951. Su ne suka tsara shekara ta zama bukukuwa 8, suka kuma ɗauki ra'ayin allahiya mai fuska uku: budurwa, uwa, tsohuwa. Kujerar tsohuwa na nan babu kowa a kai, ga Cailleach Mackenzie ya riga ya yi mata kwalliya. Sai aka zaunar da ita.

Nafisa Gilasgo: To Malam, ga wadda nake ganin ba za ka iya kaucewa ba. A can ƙuryar kwarin Glen Lyon, a Perthshire ta Sikotlan, akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin duwatsu, Tigh nam Bodach. A ciki akwai wasu duwatsu da ruwa ya goge suka yi kama da mutane: Cailleach, mijinta Bodach, da 'ya'yansu. Duk farkon Mayu mutanen yankin na fito da su waje su fuskanci kwarin, ƙarshen Oktoba a mayar da su ciki a toshe ƙofa. Labarin shi ne wata shekara mutanen kwarin suka ba ta masauki ita da iyalinta, kwarin ya yi albarka, da za ta tafi ta bar duwatsun ta ce muddin ana kula da su kiwo ba zai lalace ba. Har yanzu ana yi. A 2011 da aka so kafa aikin wutar lantarki a kwarin mutane sun yi ca a kai. In wannan ba ragowar bauta ba ce, mece ce?

Malam Habu: Madalla, 'yata, kin kawo mini shaida da hannunki. Sake karanta abin da kika rubuta. Yaushe take waje tana aiki? Mayu zuwa Oktoba, lokacin da makiyaya ke hawa tuddai da shanunsu. Yaushe ake kulle ta a ɗaki? Da hunturu. Wace irin sarauniyar hunturu ce ke kwana a kulle duk tsawon mulkinta? Ta Glen Lyon mai tsaron shanu ce. Ta Beara uwar ƙabilu ce. Ta Lochaber kiwon barewa take tana tatsar nononsu. Tsofaffi ne da yawa, kowane kwari da tasa, aka zo daga baya aka cusa su riga ɗaya.

Nafisa Gilasgo: Ban lura da wannan ba, wallahi. Amma ba ka amsa ɗaya rabin ba: fito da duwatsu da mayar da su a ranakun bukukuwan gargajiya ai ibada ce.

Anti Rabi: Ki riƙe shi nan, Nafisa, kada ki sake.

Malam Habu: Al'ada ce mai kama da ibada, na yarda. Wanda ya ce ta kai shekara 2,000 kuma sai ya kawo abin da ya dogara da shi. Ku ɗauki Loughcrew a Meath ta Ailan misali. Tuddan wurin sunanta suke ɗauke da shi, an ce tana tsalle daga wannan tudu zuwa wancan da duwatsu a haɓar zaninta suna zuba, a tsallen ƙarshe ta faɗi ta mutu. Akwai ma katon dutse da ake kira kujerarta. Amma tulin duwatsun nan kaburbura ne da aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin a san Keltawa a tsibirin. Maginan sun iya lissafi, don a ranakun da dare da rana ke daidaita, cikin Maris da Satumba, hasken fitowar rana na shiga har ƙuryar ɗaya daga cikinsu. Na baya suka zo suka tarar da abin da ba su san mai shi ba, suka ce aikin tsohuwa ne. Tsufan dutse bai zama tsufan labari ba.

Injiniya Bashir: Ni ta fannin aikina na san ta. Dutsen Ben Cruachan na Sikotlan, tsayinsa mita 1,126, a cikin cikinsa aka haƙa tashar lantarki, aka buɗe ta a 1965. Idan wuta ta yi yawa ana tura ruwa daga tafkin Loch Awe zuwa madatsa a sama, idan buƙata ta taso a sako shi ya juya injina. A labarinsu kuwa ita ce ke gadin wani marmaro a ƙolin dutsen, kullum da faɗuwar rana ta rufe shi da faifan dutse. Wata rana ta dawo daga kiwo a gajiye barci ya kwashe ta, ruwa ya ɓalle ya cika kwarin, shi ne Loch Awe, kilomita 41 tsawonsa. A zauren injinan akwai babban zane a bango da ke nuna wannan labari. Darasin farko ga duk mai aikin madatsa: kada ka yi barci a bakin aiki.

Alhaji Isa: Ku gafarce ni, ni manomi ne, duk wannan zance na sarakuna da waƙoƙi ya fi ƙarfina. Tambayata, talakan da ke noma a can me ya haɗa shi da ita? Don na san manomi ba ya riƙe labarin da ba ya taɓa rumbunsa.

Anti Rabi: Alhaji, tambayarka ta fi ta kowa. A tsibiran yammacin Sikotlan damin ƙarshe na girbi shi ake kira Cailleach. Wanda ya riga gama yankan hatsinsa sai ya ɗaure 'yan zangarniya ya jefa gonar maƙwabcin da bai gama ba, shi ma in ya gama ya jefa wa na gaba. Wanda ta ƙare a hannunsa shi ne malalacin gari, kuma an ce shi zai ciyar da tsohuwa har hunturu ya fita. Abin kunya ne sosai, mai kai ta ma a ɓoye yake yi ya ruga, don in an kama shi jikinsa zai gaya masa. A arewacin Ailan kuma kitse zangarniyar ƙarshe suke yi tana tsaye, masu girbi su ja baya su yi ta jifa da lauje har wani ya tsinke ta.

Malam Habu: Nan ne ni ma nake ganin hunturun gaskiya ya shigo, ba ta ƙofar Mackenzie ba. Mutumin tsaunukan Sikotlan a Disamba hasken rana bai fi na sa'a 7 yake samu ba, ciyawa ba ta tsiro, abin da ya tara shi zai ci shi da dabbobinsa har Mayu. Ƙarin baki ɗaya a gidan da hatsi bai isa ba masifa ce. Shi ya sa ranar 1 ga Fabrairu suke duban sama. In gari ya yi haske sun ce tsohuwa ce ta gyara rana don ta fita tara itace, ke nan sanyi zai daɗe. In an tashi da hadari da iska sai su yi murna, ta makara tana barci, itacenta zai ƙare, hunturu ya kusa tafiya. A tsibirin Man ma akwai irin wannan, har sun ce ana ganinta a siffar katon tsuntsu da ƙirare a baki. Wannan lissafin mai duba rumbu ne yana auna sauran kwanaki.

Sadik Edinbura: Irin abin da Amurkawa ke yi ranar 2 ga Fabrairu da wata dabba mai kama da gafiya, in ta ga inuwarta sanyi zai ƙara mako 6.

Malam Habu: Hikimar ɗaya ce, amma tasu ta hannun Jamusawan da suka zauna Pennsylvania ta je, ba daga tsohuwarmu ba.

Nafisa Gilasgo: Wanda ke son ya ji daga bakin mutanen da kansu fa, ina zai duba? Don na gaji da shafukan da ke kwafar juna.

Anti Rabi: Ki nemi Dúchas a intanet. Daga 1937 hukumar tattara al'adun Ailan ta sa yaran firamare sama da 50,000 suka rubuto labaran da suka ji daga kakanninsu da maƙwabta, an ɗora littattafan da rubutun hannunsu. Ki sa sunanta ki bincika. Wasu da Turanci suke, wasu da Gelik.

Alhaji Isa: Hajiya Rabi, saura ɗaya. Shi wanda dami ya ƙare a hannunsa, in sanyi ya wuce me yake yi da shi? Ƙonawa?

Anti Rabi: A tsibirin Islay na Sikotlan rataye shi ake a bango har ranar fara huɗa. Ran nan uwargida ta sauke shi ta rarraba wa masu fita gona, in sun isa su ba dawakan da ke jan garma su ci, don a samu albarkar shekara. Malam Habu, abin da ake tsoro kawai ba a neman albarka da shi. Wannan kam ka bar mini.

Malam Habu: Na bar miki Islay. Ben Nevis da karagar dai ba zan bayar ba.